Ray Johnson, Mai Zanen Da Ya Mai Da Gidan Waya Zauren Nuni

Yau a filinmu na tarihin mashahuran mutane za mu ƙetare teku zuwa ƙasar Amurka, mu kawo wa masu karatu labarin wani mai zane da ake kira Ray Johnson, wanda ya rayu daga 1927 zuwa 1995. Galibin masu zanen da suka yi suna a duniya ana tunawa da su ne saboda hotunan da suka bari a rataye cikin manyan gidajen ajiye kayan fasaha, ko kuwa saboda ɗimbin kuɗin da attajirai ke zubawa don su mallaki aikinsu. Shi kuwa wannan taliki, da ambulan da kan sarki ake tunawa da shi. Ya yi wajen shekara 40 yana jefa ayyukan hannunsa a akwatin gidan waya, yana aika wa mutane kyauta, da waɗanda ya sani da waɗanda bai taɓa sa wa ido ba, har abin ya zama wata al'ada da ta game duniya, wadda a yau ake kira fasahar wasiƙa.

Mai karatu yana iya tambaya, to, mene ne abin tarihi a cikin aika takarda ta gidan waya, abin da kowane akawu da kowane ɗan makaranta ya sani? Amsa ita ce, a zamanin Johnson mai zane ba ya kai aikinsa gaban jama'a sai ya bi ta hannun waɗansu mutane ƙalilan, watau dillalan da ke da shagunan sayar da zane, da alƙalan da ke zaɓen abin da za a nuna, da kuma manyan jami'an gidajen nuni. Wanda suka ɗaga ya ɗagu, wanda suka ƙi kuwa sai ya tsufa da hotunansa a ɗaki. Johnson ya gano cewa akwai wata ƙofa da waɗannan mutane ba su tsare ba, ita ce gidan waya, inda ba a tambayar kowa takardar shaida in dai ya biya kuɗin kan sarki.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Raymond Edward Johnson ran 16 ga watan Oktoba, 1927, a Detroit, birnin nan na Jihar Michigan da ya yi suna wajen ƙera motoci. Iyayensa 'yan asalin ƙasar Finlan ne, kuma shi kaɗai suka haifa. Ya yi karatun sakandare a makarantar koyon sana'a ta Cass Technical, inda ya koyi zanen tallace-tallace, yana kuma zuwa ɗaukar darasi a Cibiyar Fasaha ta Detroit. Ɗabi'ar da ta sa ya shahara ta nuna kanta tun yana ɗalibi, gama akwai wasiƙun da ya aika wa wani abokinsa a 1943, waɗanda ya cika su da zane-zanen ban dariya, har zanen ya kusa rinjayar rubutun.

A 1945, shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, ya shiga Kwalejin Black Mountain da ke cikin duwatsun Jihar North Carolina. Ƙaramar makaranta ce, an buɗe ta a 1933 aka rufe a 1957, amma a wannan ɗan tsakanin ta yaye mutanen da suka sake fasalin zane da kiɗa da rawa a Amurka. Babban malaminsa shi ne Josef Albers, wani Bajamushe da ya baro ƙasarsa a 1933 bayan da gwamnatin Hitler ta sa aka rufe makarantar Bauhaus inda yake koyarwa. Albers mutum ne mai tsanani. Yakan sa ɗalibai su yi ta naɗe takarda, suna jera ganyayen itace, suna gwada launi kusa da launi, domin su gane cewa kowane abu yana sake kama idan aka sake masa maƙwabci. Wannan darasi ya zauna wa Johnson a zuciya har ƙarshen ransa. Tun yana ɗalibi, a watan Nuwamba na 1947, mujallar Interiors ta sa zanensa a bangonta. A daminar 1948 kuma ya haɗu da baƙin malaman da suka zo kwalejin, cikinsu har da mai tsara kiɗa John Cage, da gwanin rawa Merce Cunningham, da mai zane Willem de Kooning.

ZAMANSA A NIYOK

Bayan shekara uku a kwalejin, Johnson ya nufi birnin Niyok, ya kama ɗaki a wata unguwar talakawa, a bene ɗaya da John Cage. Ya yi aiki a wani kantin littattafai mai suna Orientalia, yana kuma zana bangon littattafai don ya sami na abinci. Da fari irin zanen da malamansa suka koya masa ya riƙa yi, na layuka da launuka a jere. Amma wajen 1954 sai ya juya wa wannan hanya baya, har ya ƙone da yawa daga cikin ayyukansa na farko, ya ɗauki almakashi da gam.

Sabon aikin nasa shi ne yanka da liƙi. Yakan sami kwalin da masu wanki da guga ke sakawa a cikin riga, ya yanko hotuna da kalmomi daga jaridu da mujallu, ya liƙa su a kai, ya shafa fenti, ya goge, ya sake yankawa. Waɗannan ƙananan ayyuka ya raɗa musu suna motikos, kalmar da shi ya ƙaga ta. Yakan cika jaka da su ya shiga gari, ya baje su a bakin titi, ko a gidan shan shayi, ko a babbar tashar jirgin ƙasa ta Grand Central, ya nuna wa duk wanda ya tsaya. Jaridar Village Voice ta ba da labarinsu a fitowarta ta farko, a 1955. A cikin waɗannan shekaru ya yi amfani da hoton mawaƙi Elvis Presley, da na ɗan wasan sinima James Dean, da tambarin tabar Lucky Strike, shekaru kafin abokinsa Andy Warhol ya yi suna da kuɗi ta hanyar zana fuskokin taurari da kayan kanti. Saboda haka ne masana tarihin zane ke lissafa Johnson cikin waɗanda suka share fagen wannan salo.

MAKARANTAR DA BA TA DA AJI

Tun da motikos ƙanana ne, suna shiga ambulan, sai Johnson ya fara aika su ta gidan waya. Daga bisani ya ƙara wata dabara wadda ita ce ta bambanta aikinsa da wasiƙar zumunci. Yakan aika wa mutum takarda tare da umurnin cewa ya miƙa ta ga wani mutum dabam, wanda sau da yawa ba su ma san juna ba. Wani lokaci kuma yakan roƙi wanda ya karɓa ya ƙara wani abu a kai ya mayar masa, ko ya tura gaba. Ta haka takarda guda takan bi hannu biyar ko goma, wannan ya liƙa hoto, wancan ya buga hatimi, wani ya rubuta kalma, har a rasa wanda za a ce shi ne mai aikin. Alamar da aka fi saninsa da ita kuwa ita ce zanen kan zomo mai dogayen kunnuwa, wanda yakan rubuta sunan wani a ƙarƙashinsa.

A 1962 wani abokin wasiƙarsa, Ed Plunkett, ya raɗa wa wannan harka suna Makarantar Wasiƙa ta Niyok. Sunan na ba'a ne ta fuska biyu. Ta ɗaya fuskar, yana tsokanar manyan masu zanen birnin, waɗanda ake yi wa laƙabi da Makarantar Niyok. Ta ɗaya fuskar kuma yana kwaikwayon makarantun nan masu koyarwa ta gidan waya. Dattawan ma'aikatanmu da suka yi karatun jarrabawa daga gida ta hannun Wolsey Hall ko Rapid Results College sun san yadda abin yake: darasi ya zo a ambulan, ɗalibi ya amsa ya mayar, malami ya duba ya ba da maki. To, ita makarantar Johnson ba ta da aji, ba ta da kuɗin makaranta, ba ta ba da maki, kuma ba wanda ke gama ta. Duk wanda ya amsa wasiƙa ya zama ɗalibi, ya kuma zama malami. Hausawa na cewa yaba kyauta tukuici, kuma a kan wannan ne aka gina ta ɗungum.

Sannu a hankali sunansa ya bazu. A 1965 aka buga wani littafi mai suna The Paper Snake, wanda abokinsa Dick Higgins ya tara daga takardun da Johnson ya yi shekaru yana aika masa. A wannan shekara kuma wata wakiliyar jaridar New York Times, Grace Glueck, ta kwatanta shi da cewa a cikin masu zanen Niyok da ba a sani ba, babu wanda ya kai shi shahara. Wannan laƙabi ya bi shi har bayan mutuwarsa. Ran 1 ga watan Afrilu, 1968, ya kira taron farko na 'yan makarantar tasa a wani zaure a birnin, domin mutanen da suka daɗe suna musayar takarda su ga fuskar juna.

Wata biyu bayan haka ya gamu da abin da ya sake masa rayuwa. Ran 3 ga watan Yuni, 1968, wata mace ta harbi Andy Warhol, ya tsira da ƙyar. A wannan rana kuma 'yan fashi suka tare Johnson da wuƙa a titi. Bayan kwana biyu aka harbi Sanata Robert Kennedy. Abin ya girgiza shi ƙwarai, ya tattara kayansa ya bar birnin, ya koma tsibirin Long Island. Daga 1969 ya zauna a wani ƙaramin gida a garin Locust Valley, shi kaɗai, kuma nan ne mazauninsa har ƙarshen ransa. Daga wannan lokaci gidan waya da tarho suka zama manyan ƙofofinsa zuwa duniya.

NUNIN 1970 DA ABIN DA YA HAIFA

A 1970 gidan ajiye kayan fasaha na Whitney da ke Niyok ya shirya nunin ayyukan Makarantar Wasiƙa, a ƙarƙashin kulawar wata jami'a mai suna Marcia Tucker. Johnson ya aika wa abokan wasiƙarsa gayyata, ya ce kowa ya tura abin da ya ga dama kai tsaye zuwa gidan. Mutum fiye da 100 suka amsa, aka kuma baje abin da ya iso ba tare da tacewa ba, na mashahuri kusa da na wanda ba a taɓa jin sunansa ba. A babban gida irin wannan, inda aka saba alƙalai su zauna su zaɓa, wannan baƙon abu ne.

Daga nan harka ta fi ƙarfin mutum ɗaya. A 1971 aka keɓe wa ayyukan da aka aiko ta gidan waya sashe a babban nunin matasan masu zane na birnin Paris. A 1972 mujallar FILE ta Toronto, a ƙasar Kanada, ta fara buga adireshin masu zane da irin hotunan da kowa ke nema, wani Ba'amurke kuma mai suna Ken Friedman ya tara dogon jerin adireshi ya rarraba. Ta haka aka sami abin da ake kira kiran aiko da ayyuka. Mutum a kowace ƙasa yakan zaɓi jigo, misali zaman lafiya ko ruwa ko yunwa, ya faɗi girman takarda da ranar rufewa, ya buga sanarwa ya watsa. Ƙa'idodin da aka saba bi huɗu ne: babu alƙalai, duk abin da ya zo za a nuna, babu kuɗin shiga, ba a mayar wa kowa da aikinsa, sa'an nan wajibi ne mai kira ya aika wa kowane mahalarci takardar da ke ɗauke da sunaye da adireshin dukan waɗanda suka shiga. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce ke raya harkar, gama kowane jerin adireshi yakan haifi sababbin kiraye-kiraye.

Ya kamata a lura cewa duk wannan ya yiwu ne saboda wata yarjejeniya da ta girmi Johnson nesa ba kusa ba. A 1874 ƙasashe 22 suka sa hannu a birnin Bern na Suwizalan a kan kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya, wadda ta mai da ƙasashen da ke cikinta tamkar yanki guda wajen kai wasiƙa. Saboda haka kan sarkin da aka saya a ƙauye ya isa ya kai takarda wata nahiya, ko da gwamnatocin ƙasashen biyu ba sa ga maciji da juna.

Johnson ba shi ya tsara waɗancan ƙa'idodi huɗu ba, bai kuma taɓa neman shugabancin harkar ba. Hasali ma, ran 5 ga watan Afrilu, 1973, ya aika wa sashen sanarwar mutuwa na New York Times wasiƙa cewa makarantarsa ta mutu. Amma bai daina aika wasiƙu ba ko na ɗan lokaci, sai dai ya riƙa sake wa harkar suna.

INDA AMBULAN YA ZAMA LAIFI

Abin da ya fara a Niyok kamar wasa tsakanin abokai ya ɗauki wani nauyi dabam a ƙasashen da gwamnati ta toshe bakin jama'a. A ƙasar Folan, lokacin mulkin kwaminisanci, Jaroslaw Kozlowski da Andrzej Kostolowski sun aika wa masu zane wajen 350 na ƙasashe dabam-dabam takardar gayyata a 1971. Da Kozlowski ya baje amsoshin a gidansa da ke birnin Poznan a 1972, sai 'yan sandan ciki suka faɗo, suka watsa taron, suka kwashe kayan. A Birazil, a 1976, 'yan sanda sun rufe wani nunin fasahar wasiƙa a birnin Recife jim kaɗan bayan buɗe shi, suka tsare Paulo Bruscky da Daniel Santiago waɗanda suka shirya shi. A Ajantina, a wannan shekara, aka sace ɗan Edgardo Antonio Vigo lokacin mulkin soja, ba a sake ganinsa ba. Uban ya riƙa buga kan sarki na ƙirar hannunsa mai ɗauke da fuskar yaron, yana aikawa ƙasashen duniya. A Yurugwai kuwa sojoji sun ɗaure Clemente Padin a 1977, abokan wasiƙarsa na ƙasashe da yawa suka yi ta aiko da takardun neman a sake shi, aka sallame shi a 1979.

Waɗannan mutane ba almajiran Johnson ba ne kai tsaye, waɗansunsu ma da kansu suka gano hanyar. Amma sun tabbatar da abin da ya hango, cewa takarda mai kan sarki tana shiga inda mai ita ba shi da fasfon shiga.

Harkar ba ta rasa masu suka ba. Da injin kwafe takardu ya yawaita, sai aka riƙa samun tarin ayyukan da aka yi cikin gaggawa, har waɗansu suka ce rashin alƙalai ya buɗe wa shirme ƙofa. A 1984 rigima ta tashi a Niyok sa'ad da mai kula da wani nuni a Franklin Furnace ta zaɓi waɗansu ayyuka ta ajiye saura, masu aikowa suka ce an karya alkawari. Gardamar ita ce dai wadda aka fara da ita: a tace domin inganci, ko a bar kowa ya shiga domin adalci?

HALINSA DA ƘARSHENSA

Kada mai karatu ya ɗauka Johnson mutum ne mai sauƙin hali. Yana sayar da manyan ayyukansa, amma ciniki da shi wahala ne, domin cinikin kansa ya mai da shi wani ɓangare na fasaha. An ba da labarin wani mai zane da ya taya wani aikinsa kashi uku cikin huɗu na kuɗin da ya sa. Johnson ya sallama, amma da aikin ya iso sai aka tarar ya yanke rubu'insa. Yakan kuma gayyaci jama'a taron da ya kira babu kome, su zo su zauna, ba a yi kome ba ko kuwa a yi ɗan abu kaɗan, a watse. Daga ƙarshen shekarun 1970 ya riƙa ƙin gayyatar dillalai, ko da yake an yi nunin wasiƙunsa a gidan kayan fasaha na Jihar North Carolina a 1976, da wani babban nuni a gundumar Nassau a 1984. Abokan zamaninsa suka yi arziki, hotunansu suka shiga littattafan makaranta, shi kuwa yana Locust Valley yana yanka yana liƙi.

Ran Jumma'a, 13 ga watan Janairu, 1995, ya tuƙa motarsa zuwa garin Sag Harbor da ke gabashin Long Island. Da yamma aka hange shi a cikin ruwa kusa da wata gada, cikin tsananin hunturu, yana iyo yana nisa da gaɓa. Washegari aka tsinci gawarsa. Yana da shekara 67, kuma abin da aka fi rinjaya a kai shi ne da niyya ya shiga ruwan. Da aka buɗe gidansa sai aka tarar da ɗimbin ayyuka a jere cikin akwatuna, tsaf-tsaf, waɗanda ko aminansa ba su san da su ba.

Girmamawar da ya yi ta kauce wa yana da rai ta zo bayan ransa. A 1999 gidan Whitney ya yi babban nunin ayyukansa. A 2002 aka fitar da fim a kan rayuwarsa mai suna How to Draw a Bunny, wanda ya sami lambar yabo a bikin finafinai na Sundance. A 2021 kuma Cibiyar Fasaha ta Chicago ta baje tarin takardun da amininsa William S. Wilson ya yi shekaru yana adanawa. Takardun da aka aika kyauta yau suna cikin gilashi, masu gadi na tsaron su.

Zuwan intanet ya rage yawan wasiƙun da ake kaiwa gidan waya a ko'ina, amma al'adar ba ta mutu ba. A Jafan, Ryosuke Cohen ya fara wani shiri a 1985 na tara hatimai da ƙananan zane daga ƙasashe a kan takarda guda ya mayar wa masu aikowa, kuma shirin ya wuce fitowa 1,000. Yanzu akan watsa sanarwar kira ta intanet, aikin kansa kuwa ya bi ta gidan waya kamar da. Ɗalibin da ya ci karo da irin wannan kira yana iya auna shi da ƙa'idodin nan huɗu, musamman ta kuɗin shiga da ta aiko da jerin mahalarta, ya gane ko na zumunci ne ko na kasuwa. Mutanenmu na cewa zumunta a ƙafa take. Ray Johnson, wanda bai cika son fita daga gidansa ba, ya yi tasa da kan sarki, ya kuma haɗa dubban mutanen da ba don shi da irinsa ba da ba su taɓa jin labarin juna ba.